Daɓen Tsakar Gida, Katanga da Rumfa: Abin da Ruwan Kwatano Ya Koya Mana

  

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, za ku ga motocin yashi sun fara shiga lungunan Kwatano, ana jibge bulo a ƙofar gidaje, masu gida kuwa suna ta kai da kawo tsakaninsu da magina, kowa yana son ya gama gyaran gidansa kafin ruwan Afrilu ya sauko. Wani daɓen tsakar gida zai yi, wani katanga zai ɗaga, wani kuma rumfa yake son kafawa inda zai ajiye babur ko ya ɗaure ragon layya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ba da labarin abin da ya faru a gidanmu na Houéyiho, ko da yake labari ne da ba mu fita kunya a cikinsa ba, domin wataƙila wani ya tsira daga kuskuren da muka tafka da kuɗinmu da hannunmu.

Asalinmu mutanen Zongo ne. Kakanmu ya zo daga ƙasar Katsina da fatauci, ya sauka a Zongo kusa da babban masallaci, kuma a can aka haifi mahaifinmu. Da Zongo ta cika, haya ta yi tsada, sai mahaifinmu ya sayi ɗan fili a Houéyiho, ba nisa da layin dogon da ya tafi Parakou, ya gina ɗakuna huɗu da zaure. Jama'ar da suka biyo shi suka kafa ƙaramin masallaci na salloli biyar, suka ba shi limanci. Har yau idan tsofaffinmu za su ambaci lungunmu sai su ce "zangonmu", domin duk inda Bahaushe ya sauke kaya ya kafa masallaci, zango ne.

Wanda ya saba da ginin Arewa, sai ya sake karatu idan ya zo nan. Kwatano a kan rairayi take zaune, teku a kudu, tafkin Nokoué a arewa, ga kuma mashigar ruwan da Faransawa suka haƙa a 1885 wadda ta raba garin biyu. Garin shimfiɗe yake kamar faifai, kuma idan ka haƙa rami da damina, kafin ka kai tsawon mutum ka tarar da ruwa. Damina biyu gare mu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,300. Ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe dare da rana. A ƙasar kakanmu ana kafa dangar kara ko a ja zana, a yaɓe katangar ƙasa kafin damina, shi ke nan an gama. A nan zana ruɓewa take yi, kara kuma abincin gara ne, saboda haka kowa ya koma ga siminti.

Gidanmu kamar sauran gidajen unguwa yake a lokacin ƙuruciyarmu. Tsakar gida yashi ne zalla, ana share shi da safe, a shimfiɗa tabarmi da dare almajirai su yi karatu. Akwai guntuwar katanga tsakaninmu da gidan da ke bayanmu, na wata dattijuwa 'yar ƙabilar Fon, mijinta ya rasu, tana sayar da garin rogo da masara tana riƙe da jikokinta. Mu muna kiranta Maman, kamar yadda ake kiran dattijai mata a garin nan, ita kuma tana kiran mahaifinmu Alfa. A gindin wannan katanga akwai wata rariya, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Idan an yi ruwa, na gidanta ya biyo ta nan, ya ratsa gefen tsakar gidanmu, ya fita titi ta wata rariyar kusa da zaure. Haka muka buɗe ido muka gani, kuma ba mu taɓa tambayar wanda ya huda ta ba.

Sai ga ambaliyar 2010. Duk wanda yake ƙasar nan a watannin Satumba da Oktoba na wannan shekara bai manta ba. An ce rabon Benin da irinta tun 1963, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ta shafi mutum 680,000. Ruwa ya shiga zaurenmu da tsakar dare, ya tarar da littattafan mahaifinmu da ke jere a kan buzu. Mun kwana muna kwasa, amma da gari ya waye wasu shafukan sun manne da juna, tawadar wasu rubuce-rubucen hannu da ya gada daga kakanmu ta narke. Mun ga dattijon yana shanya takardu ɗaya bayan ɗaya a kan kwanon ɗaki bai ce uffan ba. Mu samarin gidan, mu uku, muka yi wa kanmu alkawari cewa ruwa ba zai sake shiga gidan nan ba.

Damar ta samu a watan Fabrairun 2011, sa'ad da mahaifinmu ya tafi Arewa duba ɗan uwansa da ba shi da lafiya, ya kuma daɗe a can. Babban wanmu ya fito da abin da ya tara a kasuwa, mahaifiyarmu ta ƙara da kuɗin adashinta, mu ƙanana muka ba da ƙarfinmu. Muka sayo jar ƙasa mota 6 muka cike tsakar gida har ta ɗaga da kamu biyu, muka malale ta da siminti daga bango zuwa bango, ba mu bar ko inda kaza za ta yi tono ba. Muka rushe guntuwar katangar muka tayar da sabuwa mai tsawon mita 2 da rabi. Da magini ya zo kan rariyar ya tambaya ko a bar ta, sai muka ce masa ai ta nan ruwa yake shigo mana, ya toshe. Sa'an nan muka jingina rumfar ajiya a jikin sabuwar katangar, muka karkata kwanonta baya domin kada ruwanta ya zubo mana a daɓe. Yashin aikin kuwa, wani mai mota ne ya kawo mana shi da asuba a kan rabin kuɗin kasuwa, mu kuwa ba mu tambayi inda ya ɗebo ba.

Da mahaifinmu ya dawo ya ga gida fes, ya sa mana albarka. Rumfar ta rufe wurin da rariyar take, buhuna da tarkace sun tare gindin katangar, mu kuma ba mu gaya masa ba. Ba za mu ce mantawa muka yi ba.

A watan Yuni aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba muka fito muka tarar da daɓenmu yana ƙyalli, ko ɗigo bai kwanta ba, muka riƙa duban juna muna murmushi. Bayan an sallame salla muna zaune a zaure, sai ga Maman tsaye a bakin ƙofa, zanenta jiƙe sharkaf har gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaishe da mahaifinmu, ta ce, "Alfa, in ka gama addu'a, zo ka ga ɗakina."

Muka bi bayansa muka zagaya. Gidanta ya zama tafki. Ruwan da ya saba fita ta gidanmu ya rasa hanya ya koma ɗakuna, ga kuma na kwanon rumfarmu yana zuba mata ta saman katanga. Buhunan garin rogo da na masara, jarinta ke nan kaf, suna cikin ruwa. Jikokinta uku suna tsugune a kan gado. Mahaifinmu ya tsaya cikin ruwan da rigarsa, ya dubi katangar tun daga sama har ƙasa, ya dubi inda rariyar take a da, sa'an nan ya juyo ya dube mu. Ya ce mata, "Maman, ki yi haƙuri. Wannan ruwan daga gidana yake."

Da hantsi ya kira mu zaure. Babban wanmu ya fara kawo hanzari: filinmu ne, kuɗinmu ne, ba mu shiga iyakar kowa ba, kuma kowa a unguwa haka yake yi, wanda ya samu hali ya ɗaga gidansa. Ƙanenmu, da yake ƙuruciya na ɗibarsa, ya ƙara da cewa ai ba ma Musulma ba ce. Mahaifinmu bai tanka masa nan take ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ɗaya daga cikin littattafan da ambaliya ta bar wa tabo, ya buɗe wajen ƙarshen babin hukunce-hukunce ya ce mu karanta. Mun sha karanta wurin a makarantar zaure, muna rera shi kamar waƙa. Can malamin ya bayyana cewa mutum ba shi da ikon aikata abin da zai cutar da maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne, ya kawo misalin taga da za ta tona asirin gidan maƙwabci, da ƙofar da za a buɗe daidai da tasa, da ramin da haƙa shi zai yi masa illa. Mahaifinmu ya ce wa ƙanenmu, "Nuna mini inda ya ce sai maƙwabci Musulmi." Yaron ya sunkuyar da kai.

Sa'an nan ya ba mu labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, na Dahhaku ɗan Khalifa wanda ya so ya bi da magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi, Sayyidina Umar ya lallashe shi ya nuna masa abin ba zai cutar da shi ba, da ya ƙi ji kuwa ya hukunta a bi da ruwan ko yana so ko ba ya so. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta wa mutum buɗe sabuwar hanyar ruwa a filinsa, amma tamu tsohuwa ce, ta girme mu duka, kuma shi da kansa ya huda rariyar tare da marigayi mijin Maman a shekarar da suka gina katangar. Ya kuma ambaci wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ana ce masa Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun katanga da magudanai, har ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini. Ya ce, "Kun ga ke nan, cokalin magini ma yana da fiƙihunsa."

Abin da ya faɗa daga ƙarshe shi ne ya fi girgiza mu. Ya ce ba zai shiga gaban jama'a ya ja salla ba muddin ruwan gidansa yana kwance a ɗakin gwauruwa da marayu. Ya aika wa na'ibinsa. Kwana uku yana salla a sahun baya, mutane suna tambaya ko ba shi da lafiya, shi kuwa yana gaya musu gaskiya ba tare da ya rage komai ba. Wanda ya tashi a gidan liman ya san nauyin wannan. Tun a ranar farko muka ɗauki guduma da ƙurfi muka fasa gindin katangar da hannunmu, muka tsaga daɓen da muke alfahari da shi tun daga baya har zaure, ruwan gidan Maman ya biyo ta tsakar gidanmu, baƙi ƙirin, yana wari. Mahaifinmu ya sa aka ƙiyasta hajar da ta lalace, aka biya ta a hankali cikin wata biyar. Ƙaramin jikanta ya kwanta zazzaɓin cizon sauro bayan mako biyu, kuma ko da yake Allah ya ba shi lafiya, ba mu yi barci mai daɗi ba a waɗannan kwanaki.

Da ɗan ranin Agusta ya zo, aka nemo wani dattijon magini, ko maso kamar yadda ake cewa a nan, wanda ya tsufa a cikin ginin Kwatano. Abin da ya fara yi shi ne ya ɗauko siririn tiyo mai haske ya cika shi da ruwa, ya auna tudu da gangaren gidajen biyu, ya zana alamu a bango da gawayi. Ya ce kafin a sayi buhu ɗaya na siminti, sai an san inda kowane ɗigo zai bi. Abin da muka koya a hannunsa shi muke so mu ba 'yan uwa, domin da tsada muka saye shi.

Game da daɓe, ya ce kuskurenmu na farko shi ne rufe ƙasa gaba ɗaya. Ya kai mu lambunan Houéyiho da ke kusa da filin jirgin sama, inda manoman kayan miya suka fara aiki tun farkon shekarun 1970, ya nuna mana yadda rairayi ke shanye ruwa da zarar an ɗauke. Yashin tsakar gida aikin da yake yi ke nan, kuma duk ruwan da siminti ya hana ƙasa ta sha, wani ne zai sha shi. Saboda haka muka fasa kashi ɗaya cikin uku na daɓen muka mayar da yashi. Inda ake yawan takawa aka jera pave a kan shimfiɗar yashi mai kaurin santimita 4 zuwa 5, ba tare da an liƙe tsakaninsu da siminti ba, domin ruwa ya samu wurin nutsewa, kuma idan ɗaya ya zauna a ɗaga shi a gyara. Gangaren daɓe santimita 2 ne a kowace mita, yana nisantar bangon ɗaki da katangar maƙwabci, yana dosar magudana. Magudanar kuwa an gina ta da bulo an rufe ta da faifan kankare masu ɗaguwa, an sa ragar ƙarfe a bakin rariyar Maman domin ta tare leda da ɓeraye. Ya hana mu yi wa simintin da ya rage sumul, ya ce a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye, domin daɓe mai santsi idan gansakuka ta hau shi yana kayar da tsoho a wurin alwala.

Game da katanga, ba a shekara biyu ba tamu ta fara nuna halinta. Farin gishiri ya fito mata kamar ƙyasfi, ginshiƙai suka tsattsage, jan ruwan tsatsa yana zubowa. Dattijon ya ɗebi ɓurɓushin ya ɗanɗana ya tofar, ya ce yashin bakin teku ne. Gwamnati ta hana ɗibarsa tun 2008 saboda teku na cin gaɓar gari, amma masu ɗiba a ɓoye ba su rasa masu saye irinmu ba. Gishiri yana sa rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren da ke kanta. Gaskiyar masu iya magana, araha ba ta ado. Da muka sake ginshiƙan sai muka yi amfani da yashin tafki da aka wanke, da tsakuwar dutse irin wadda ake fasawa a Dan. Ƙa'idar dattijon ita ce ginshiƙi a kowace mita 3, da ɗaurin kankare a ƙasa da sama, kuma kada kaurin kankaren da ya rufe rodi ya gaza santimita 4 a gari mai iskar teku. Shi kansa ba ya fitar da bulo fiye da 30 daga buhu mai kilo 50, kuma sai an shayar da su ruwa mako guda kafin a ɗora. Ya ce a yi wa katanga shafe ciki da waje, har da fuskar da ke duban gidan maƙwabci, domin danshi ta inda ba a shafe ba yake shiga. Itace kuma, dogon yaro ne ko mangwaro, a nisanta shi da katanga da mita 3 aƙalla saboda saiwa.

Game da rumfa, aka sauke ta aka juya kwanonta yana zubowa cikin gidanmu, aka sa masa indararo mai kai ruwa cikin babbar randar roba mai murfi, wadda mata ke wanki da ita. Turakun na itacen tik ne, irin wanda ake nomawa a dajin Lama, kuma ba a binne su a ƙasa kai tsaye ba: an ɗora kowanne a kan ɗan tudun kankare, an shafe gindinsa da baƙin mai saboda gara. Ana buga ƙusa a kan tudun kwano, domin idan aka buga ta a kwarinsa nan ne zai fara yoyo. Siririn kwano mai araha ba ya daɗewa a bakin teku. Na alminiyam ya fi ƙarko, sai dai yana son ƙusarsa ta musamman mai roba, domin ta baƙin ƙarfe tana cinye shi. A kuma ɗaure katakon rufi da turaku da ƙarfe, saboda iskar da ke gabatar ruwan farko a Maris da Afrilu ta sha ɗauke rumfa ta kifa ta a gidan wani.

Akwai wata rumfar da ba mu ambata ba, ta ƙofar gida, wadda muka kafa a bakin titi dattawa suna zama ƙarƙashinta bayan la'asar. Ta ci hanya da kamar mita 2. Mahaifinmu ya sha cewa a janye ta, yana tuna mana hadisin da ya zo a Buhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanya, ya ce idan ba makawa to a ba hanya haƙƙinta, kuma daga cikin haƙƙinta akwai kawar da cuta. Muna ta cewa gobe. A ƙarshen 2016 gwamnatin Patrice Talon ta ba da sanarwar a kwashe duk abin da aka gina a kan filayen jama'a da gefen tituna, aka bi ana shafa jan fenti a jikin rumfuna da shaguna, kuma a farkon Janairun 2017 aka fara rusau a Kwatano. Masu ƙaramin jari da yawa sun ji jiki a wannan lokaci, muna kuma roƙon Allah ya mayar musu da alheri. Mu dai ba mu jira kowa ba, mun kwance tamu da hannunmu, muka tsira da kwano da turaku, muka mayar da ita cikin gida kusa da zaure. Mahaifinmu ya ce abin da ya ba shi kunya shi ne sai da hukuma ta yi magana muka ji abin da littafi ya riga ya faɗa.

Gini kuwa bai ƙarewa da ranar da magini ya wanke cokalinsa. Mun raba wa kanmu aikin shekara kashi uku. A Fabrairu da Maris muna ɗaga faifan magudana mu kwashe yashi da leda, mu zuba bokiti biyu ta gefen Maman mu ga ya fita titi, mu hau rumfa mu duba ƙusoshi da ɗauri. A ɗan ranin Agusta muna kankare gansakuka, mu gyara paven da ya zauna, mu sake shafa baƙin mai a gindin turaku. A Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya busar da bango, muna bin katanga muna ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙarar kofi mu fasa mu goge tsatsa mu cike, sa'an nan a shafa farar ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da za a toshe da cokali ɗaya a bana, baɗi buhu za ta ci. Bayan layya kuma ba ma barin jini da tumbi su bi magudana, rami muke haƙa musu a wurin yashi.

Muna kuma jan hankalin waɗanda aka gyara titin unguwarsu a 'yan shekarun nan. Sau da yawa sabon titi yakan ɗara tsofaffin gidaje tsawo, sai mai gida ya ga ba shi da mafita illa ya ɗaga nasa. Kafin ka kira motar ƙasa, ɗan uwa, ka zagaya ka leƙa gidan da ke bayanka da na gefenka, ka tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa yake bi tun da can, ku zauna da maƙwabta ku haɗa kuɗi ku yi magudana ɗaya mai kaiwa ga kwatar titi. Idan kowa ya ɗaga gidansa shi kaɗai, ruwan unguwa duka zai taru ne a gidan wanda ya fi kowa talauci, kuma sau da yawa gidan gwauruwa ne ko na marayu ko na 'yan haya.

Maman ta rasu shekarun baya. Kafin rasuwarta, duk ƙarshen shekara idan muka zagaya da bokitin farar ƙasa domin shafe fuskar katangar da ke gidanta, sai ta sa a kawo mana ruwan sanyi da gyaɗa, ta zauna tana nuna mana inda muka tsallake. Babban jikanta ne yake riƙe da gidan yanzu. Da ya tashi kafa rumfar girki ya zo ya durƙusa ya nemi izinin kafa katakonsa a jikin katangarmu. Mahaifinmu, wanda yanzu tsufa ya hana shi fita sai da sanda, ya ce hadisi ya hana maƙwabci ya hana maƙwabcinsa wannan, ya je ya kafa. Saurayin ya karkata kwanonsa cikin gidansu ba tare da kowa ya gaya masa ba.

Allah ya gafarta mana abin da muka yi da gangan da wanda muka yi da jahilci, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya kare gidajenmu da na maƙwabtanmu daga ambaliya.